Wasannin Lungu da Saƙo na Na'ura: Daga Tokyo Zuwa Talatar Mafara

Duk wanda ya tashi a ƙasar Mafara ko Bakura ko Maradun, kuma zuwan wayar hannu ya same shi da wayonsa, da wuya a ce bai taɓa kiwon macijin nan na cikin Nokia ba. Ɗan layi ne baƙi, yana tafiya a kan allon da bai fi faɗin kwalin ashana ba. Yana cin ɗigo yana ƙara tsawo, har ya kai ga jelarsa ta tare masa hanya, ya yi karo da ita, wasa ya ƙare. Malamin makaranta ya yi wannan wasa, ɗan kabu-kabu ya yi shi yana jiran fasinja a bakin tasha, mai shayi ma ya yi shi kafin ruwa ya tafasa.

Na san wani daga cikin 'yan'uwana ɗalibai zai ce, me ya haɗa mujallar Hausa da wasan waya? Amsa ita ce, masananmu sun daɗe da karɓar wasa a matsayin abin nazari. Marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya bai raina wasannin yara ba da ya tattara su a jerin littattafansa na Tatsuniyoyi da Wasanni. To, wasan da ya shigo hannun Bahaushe, ya zauna, har aka raɗa masa suna da harshenmu, ai ya cancanci a bi salsalarsa. Macijin nan kuwa yana da dangi, kuma danginsa sun girme shi da shekara ashirin da wani abu. Su ne nake kira wasannin lungu da saƙo, watau waɗanda ake zana hanyoyi masu kwana-kwana a kan allo, mai wasa ya bi ta cikinsu, ko yana gudu ko yana kora.

Kafin mu shiga tarihin, ya kamata mai karatu ya san irin na'urar da aka fara yin su a kanta. Akwati ne na katako, tsayinsa kamar na mutum a tsaye, da fuskar talabijin a sama, da ɗan hannu irin na giyar mota a gaba, sannan da wata 'yar kafa da ake jefa tsabar kuɗi. A Amurka kwabo 25 na dala ake jefawa, a Japan kuwa yen 100. Akan jera irin waɗannan akwatuna a shago guda, ko a ajiye ɗaya a kusurwar gidan abinci. In ka jefa kuɗi ka yi wasa, in aka cinye ka sai ka sake jefawa ko ka ba na bayanka wuri.

Kamfanin Atari na Amurka, wanda ya yi suna da wasan Pong a 1972, shi ne ya fitar da wani wasa mai suna Gotcha a 1973. Mutum biyu ke yin sa, ɗaya yana kora ɗaya yana gudu, ganuwar da ke tsakaninsu kuma tana ta sauyawa. Bai yi wata kasuwa ba, amma dai shi ake lissafawa a farkon wannan zuriya. A 1976 kamfanin Gremlin na birnin San Diego ya fito da Blockade. A nan ma mutum biyu ne, sai dai kowa yana tafiya yana barin katanga a bayansa, wanda ya fara karo da katanga, tasa ko ta abokin karawarsa, shi aka ci. A riƙe sunan nan, domin shi ne kakan macijinmu. Sai 1979, da Gremlin ɗin tare da Sega suka fitar da Head On, inda mota take zagaya layuka tana kwashe ɗigo-ɗigo, wata motar kuma tana tahowa ta gaba don su yi taho-mu-gama. Daga nan aka samo dabarar nan ta share ɗigo har allo ya zama fes.

Akwai wani guda da ya kamata ya ba mu sha'awa, mu 'yan ƙungiyar ɗalibai. A 1979 ɗin dai, wata ƙungiyar ɗalibai ta Jami'ar Tokyo ta ƙirƙiro wasa mai suna Heiankyo Alien. Ba su je nesa neman labari ba. Tsohon babban birnin ƙasarsu suka ɗauka, wanda yau ake kira Kyoto, da titunansa masu gicciye da juna, suka sa wani dogari na zamanin da yana yawo a ciki, dodanni suna binsa. Dogarin nan ba shi da bindiga. Rami yake haƙawa a kan hanya, in dodo ya faɗa sai ya yi maza ya rufe shi da ƙasa kafin ya fito. Duk yaron da ya taɓa ɗana tarkon gafiya a bayan gari ba ya bukatar a yi masa bayanin wannan wasa. Abin lura a nan shi ne, ɗalibai ne suka juya tarihin garinsu ya zama abin wasa, har wani kamfani ya karɓa ya sa a akwati.

Yanzu sai mu zo kan sarkin gidan, watau Pac-Man.

Wanda ya tsara shi wani saurayi ne mai suna Toru Iwatani, haifaffen 1955, wanda ya kama aiki da kamfanin Namco a 1977. A lokacin, wasan da ya cika gari shi ne Space Invaders na 1978, da ire-irensa na harbe-harbe, kuma shagunan wasa sun zama matattarar samari zalla. Iwatani ya sha faɗa cewa nufinsa shi ne ya yi wasan da mata ma za su so, wanda ba kisa a cikinsa. Sai ya nemi abin da kowa da kowa yake yi, ya ga babu kamar ci. Ya zana wani ƙulu rawaya, ba ido ba hanci, sai baki. Labarin da ya fi yaɗuwa shi ne wai ya samo siffar ne daga irin gurasar nan ta Italiyawa da aka cire yanki ɗaya, ko da yake shi da kansa ya ce rabin labarin ke nan, domin ya kuma duba harafin da Japanawa ke rubuta kalmar baki da shi. Sunan ma daga harshensu ya fito. Suna da kalmar paku-paku da ke nuna buɗe baki da rufe shi wajen ci, wadda ɗaliban nahawu za su gane cewa amsa-kama ce. Da Bahaushe ne ya yi shi, ina jin Acici zai sa masa. An fara gwada shi ranar 22 ga Mayu, 1980 a unguwar Shibuya ta Tokyo da sunan Puck Man. Da kamfanin Midway ya kai shi Amurka a ƙarshen shekarar, sai aka sauya sunan don gudun kada 'yan iska su kankare harafin farko su mai da shi ashar. A Amurka kaɗai an sayar da akwati fiye da 100,000.

Dokar wasan ba ta da yawa. Akwai ɗigo 240 ƙanana da manya 4, ka cinye su duka ka wuce mataki na gaba. Dodanni huɗu suna binka, in ɗaya ya taɓa ka ka rasa rai ɗaya cikin ukun da aka ba ka. Hannu ɗaya ake tuƙawa da shi, sama, ƙasa, dama, hagu, babu ko maɓalli na biyu. Wanda ya tsaya a bayanka ya kalla na minti ɗaya ya gama sanin doka. Wannan shi ne sauƙin da ake magana.

Amma fa a ƙarƙashin sauƙin nan akwai aiki, kuma a ganina nan ne sirrin yake. Dodannin nan huɗu, waɗanda Turawa suke kira fatalwowi, ba halinsu ɗaya ba. Jan cikinsu kai-tsaye yake binka, duk inda ka sa ƙafa nan yake nufa. Mai ruwan hoda ba inda kake yake nufa ba, gaba da kai yake hara da taki huɗu, don ya tare ka. Shuɗin yana auna inda kake da inda jan yake sannan ya zaɓi hanya, shi ya sa ba a cika gane inda zai ɓullo ba. Na huɗun, mai ruwan lemo, yakan taho kamar da gaske, amma da ya matso kusa da taki takwas sai ya juya ya koma kusurwarsa. Sunayen da Japanawa suka ba su ma sun nuna haka: Oikake mai bin sawu, Machibuse mai kwanton ɓauna, Kimagure mai sauyin hali, da Otoboke mai yin kamar bai san abin da ake ciki ba. Wanda ya taɓa bin 'yan farauta ya san wannan tsari. Wani kare yana koro zomo, wani ya zagaya ya tare gaba, wani kuma haushi kawai yake yi. Da duk huɗun a layi ɗaya suke binka kamar tumaki, da an gaji da wasan cikin mako guda.

Sannan ba kullum suke kora ba. A matakin farko, sukan watse zuwa kusurwoyinsu na daƙiƙa 7, su dawo su kore ka na daƙiƙa 20, su sake watsewa. An yi haka ne da gangan don mai wasa ya sami numfashi. Akwai kuma wata kafa a dama da hagu, in ka shige ta nan sai ka ɓullo ta can, dodanni kuwa in sun shiga cikinta tafiyarsu takan ragu.

Babban abin da ya fi kama zuciya shi ne manyan ɗigon nan huɗu. Da zarar Acici ya haɗiye ɗaya, sai dodanni su sauya launi su ranta a na kare, shi kuma ya bi su yana kamawa. Na farko maki 200, na biyu 400, na uku 800, na huɗu 1,600. Daƙiƙoƙi kaɗan ne, sai al'amari ya koma yadda yake. Iwatani ya ce ya ari wannan ne daga Popeye, ɗan jirgin ruwan nan na majigin yara da ke samun ƙarfi in ya ci alayyafo. Mu kuwa ba sai mun je Amurka neman misali ba. Tatsuniyoyinmu cike suke da ranar da ƙaramin abu yake juya wa babba, Gizo ya sa Kura gudu, marainiya ta ga bayan Dodo. Daɗin da yaro yake ji a wurin nan na tatsuniya, shi ne dai daɗin da mai wasa yake ji in dodanni suka juya masa baya.

Da yake dodannin lissafi suke bi ba son rai ba, gwanaye suka gano cewa in ka bi hanya kaza daidai, ko yaushe haka za su yi. Aka shiga haddace hanyoyi, har aka buga littattafai a kai. Wannan ne ya sa da aka fitar da Ms. Pac-Man a 1982 aka sa wa dodannin ɗan rashin tabbas, aka kuma ƙara yawan lungunan. Su masu wasan na asali ba su yi zaton wani zai yi nisa ba, don haka ba su yi masa ƙarshe ba. Sai dai ma'ajin da ke ƙidaya matakai ba ya iya wuce 255. In mutum ya kai mataki na 256, rabin allo yakan rikice da haruffa da lambobi, ba dama a wuce. Iyakar makin da za a iya samu ke nan ya tsaya a 3,333,360, kuma sai a 1999 aka fara rubuta cewa wani ya kai shi. Shekara goma sha tara ke nan kafin a ƙure wasan da ake koyon dokarsa cikin minti ɗaya. Shi kuwa Iwatani, ya faɗa cewa bai sami wani kaso na musamman ba daga dukiyar da wasan ya tara. Daga baya ya koma koyarwa a wata jami'a a Tokyo, abin da na san zai sa malamanmu murmushi.

Wannan hali na doka kaɗan da zurfi mai yawa ba baƙo ba ne a wurinmu. Ɗauki dara. Gurbi 30 ne a ƙasa, layi biyar na shida-shida, kowa da 'ya'ya 12, wannan da tsinke wancan da tsakuwa. A jera, a matsa taki ɗaya-ɗaya, wanda ya haɗa uku a layi ya ci ɗan abokinsa. Yaro yana iya koyon wannan kafin la'asar, amma ga dattawa nan sun yi furfura a gindin bishiya ba su gama da ita ba. Ko kuma langa, inda ruwa yake neman kafar da zai bi ya sha, abokan hamayya suna tare shi, nasa suna buɗe masa hanya. Ko wasan ɓuya a farin wata, cikin lungunan tsohon gari, inda sanin wace kafa ce ke ɓullewa da wadda ba ta ɓullewa shi ne dukan gwaninta. Abin da mutanen Tokyo suka zana da wutar lantarki, yaranmu da ƙafa suke taka shi.

To, me ya sa akwatin bai zama abin yayi a garuruwanmu ba a lokacin da yake tashe? Sai mu tuna halin da ƙasar nan take ciki a 1980. A lokacin muna cikin tsohuwar Jihar Sakkwato, domin sai 1 ga Oktoba, 1996 aka ƙirƙiro Jihar Zamfara. Babban al'amarin da ke gaban mutanen Mafara da Bakura da Maradun shi ne madatsar ruwa ta Bakalori, wadda kamfanin Impresit na Italiya ya gina a kan gulbin Sakkwato daga 1974 zuwa 1978. Manoman da aikin ya raba da gonakinsu da gidajensu suka yi ta neman diyya, har suka tare hanyoyin aikin. A watan Afrilu, 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka auka musu, aka rasa rayuka masu yawa, Allah Ya jiƙansu. Wata ɗaya ke nan kafin a kunna Pac-Man na farko a Shibuya. Ban kawo wannan don in haɗa abin kuka da abin wasa ba, sai don mai karatu ya ga nisan da ke tsakanin duniyoyin biyu. Ban da haka, akwatin nan kayan babban birni ne. Yana son wuta mai ɗorewa, da makanikin da ya san cikinsa, da jama'ar da ke da rarar tsabar kuɗi a aljihu. Daga baya ma, da darajar naira ta yi ta faɗuwa bayan 1986, tsabar kuɗin kanta ta ɓace daga hannun mutane.

Ta wata hanya daban wasannin suka iso. Ta farko ita ce ƙananan na'urorin da ake haɗawa da talabijin. Kamfanin Nintendo ya fitar da Famicom a 1983, aka sa Pac-Man a kanta a 1984, sannan masana'antun Taiwan da Sin suka yi ta buga kwaikwayonta da araha. Su ne suka cika kasuwannin Nijeriya a shekarun 1990, da kaset ɗinsu da ke alkawarin ɗaruruwan wasanni, in ka kunna ka tarar 'yan kaɗan ne ake ta maimaitawa. Da irinsu aka buɗe gidajen gem, inda yaro yake miƙa wa mai shago kuɗi hannu da hannu, in wuta ta ɗauke a jira a tayar da janareto. Amma wannan ta tsaya ne ga yaran gari, maza, masu ɗan abin hannu.

Hanya ta biyu ita ce ta game kowa. A 1997 wani injiniya ɗan ƙasar Finlan, Taneli Armanto, ya ɗauko tsohuwar dabarar Blockade ya mai da ita wasan mutum ɗaya, aka sa a wayar Nokia 6110 da sunan Snake. Nokia 3310 ta 2000 ta zo da na biyunsa, wanda har yana da zaɓin katangu iri-iri da macijin zai ratsa. A Janairun 2001 gwamnatin Obasanjo ta yi gwanjon lasisin wayar salula, a watan Agusta kuma Econet da MTN suka fara aiki. Da farko layi kansa sai mai hali, amma cikin 'yan shekaru farashi ya sauko, hanyar sadarwa ta fita daga manyan birane ta bazu. Sai ga Nokia 1100 ta 2003, mai tocilan nan, wadda aka sayar da fiye da miliyan 250 a duniya, ita ma da macijinta a ciki. Ta haka jikan Blockade ya shiga kasuwar Talata a aljihun masu sayen albasa da shinkafa. Ba ya cin kati, ba ya son turanci. Lamba 2 sama, 8 ƙasa, 4 hagu, 6 dama, shi ke nan.

Ni a ganina macijin ya fi Pac-Man tsanani ta wata fuska. A wancan, abokan gaba daga waje suke. A wannan kuwa, duk abin da ka ci shi ne yake ƙara maka jelar da za ta kashe ka, watau dara ce take cin gida. Kuma ko da yake an yi shi don mutum ɗaya, mu ba mu bar shi haka ba. A majalisa waya takan zagaya hannu-hannu, kowa yana neman karya makin da wani ya kafa, 'yan kallo sun leƙo ta kafaɗa suna ba da shawarar da ba a tambaye su ba, kamar dai yadda ake yi wa 'yan dara.

Sai dai kada son abu ya rufe mana ido. Akwatunan can na farko an gina su ne don su ci kuɗi, shi ya sa gudun dodanni yake ƙaruwa har a fi ƙarfin mutum. Abu na biyu kuwa ya fi shafarmu mu masu nazarin Hausa. Wasannin dandali suna tafe da waƙa, da kirari, da zambo, da ba'a, yaro yana wasa yana koyon harshe bai sani ba. Maciji bebe ne. Duk sa'ar da yaro ya ɓata a kansa, sa'a ce da bai ji sabuwar kalmar Hausa ba. Ba zan ɗora masa laifin mutuwar dandali ba, domin talabijin da finafinai sun riga shi, rashin tsaron da ya hana yaran ƙauyukanmu da yawa fita da dare kuma ya fi su duka ɓarna. Amma dai bai cike gurbin ba.

Duk da haka an yi lokacin da sauƙin nan nasa ya yi rana. A farkon Satumba, 2021 hukuma ta rufe hanyoyin sadarwar waya a Jihar Zamfara baki ɗaya saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka kuma dakatar da kasuwannin mako. Manyan wayoyin nan masu shafa-shafa suka yi tsit, domin da yawa daga wasanninsu ba sa motsi sai da intanet. Ina gida a Mafara a lokacin, kuma na ga yadda wata tsohuwar Nokia da aka ɗaure bayanta da roba ta dawo da martabarta a ƙofar gidanmu. Cajinta yana kwana da kwanaki, macijinta bai san an rufe komai ba. Yaran da aka haifa bayan an daina yayinta suka yi layi a kanta, ba wanda ya koya musu, kallo ɗaya suka yi. A gefe kuma manya sun haƙa gurbin dara, tun da ba kasuwa. Kafin ƙarshen shekarar aka mayar da layi, manyan wayoyi suka farfaɗo, yaran suka watse. Wayar ta koma cikin kwanon da aka ɗauko ta, da makin da wani ƙanena ya kafa a cikinta, ba wanda ya karya shi.